Biran Reston: yadda cutar da ta zo daga Filifin ta sauya dokar shigo da dabbobin bincike a Amurka

A farkon watan Oktoba na 1989 aka sauke birai 100 a wani gini da ke garin Reston, cikin jihar Virginia, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga birnin Washinton. Biran irin makak ne masu dogon wutsiya, waɗanda ɗakunan bincike suka fi nema wajen gwajin magunguna da alluran riga-kafi. Daga ƙasar Filifin aka ɗauko su a jirgin sama, aka ya da zango a Amsterdam, aka sauka a New York, sannan aka ƙarasa da su a mota. Ginin na kamfanin Hazleton Research Products ne, kuma aikinsa ke nan: ya karɓi biran da aka shigo da su, ya killace su na kwana 31, in sun fita lafiya ya miƙa su ga masu saye.

Ta fuskar doka babu abin zargi a wannan jigila. Kamfanin yana da rajista a wurin hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC. Dalilin shigo da biran yana cikin waɗanda doka ta halatta. An kuma kai su inda aka ce a kai su. Duk da haka, kafin watan Nuwamba ya ƙare, an gano ƙwayar cuta daga dangin Ebola a cikin ginin. Abin da ya sa lamarin ya cancanci nazari ke nan: an bi dokar da ake da ita, sai dai dokar ba ta tanadi abin da ya zo ba.

Dokar da ake aiki da ita a lokacin

Tun kafin Reston an san biran bincike suna iya ɗauko mutuwa. A 1967 an kai wasu birai daga Yuganda zuwa ɗakunan bincike a Marburg da Frankfurt na Jamus, da kuma Belgrade. Ana amfani da ƙwayoyin ƙodarsu wajen haɗa allurar riga-kafin shan inna. Ma'aikatan da suka feɗe su, ko suka taɓa jininsu da kayan cikinsu, suka fara kwantawa da zazzaɓi mai zubar da jini. Mutum 31 aka lissafa sun kamu a lokacin, bakwai suka rasu. Daga sunan garin ne cutar Marburg ta samo nata.

A 1975 Amurka ta hana shigo da birai don a ajiye su a gida, ta taƙaita shi ga bincike, koyarwa da nuni irin na gidan zu. Duk mai shigo da su sai ya yi rajista, ya adana bayanai, ya kuma sanar da hukuma in ya ga alamar wasu cututtuka. Mataki ne mai kyau, amma hankalin dokar ya fi karkata ga tambayoyi biyu: wane ne ya shigo da dabbar, kuma don me? Yadda za a ɗauko ta a hanya, irin kayan da ma'aikaci zai sa kafin ya shiga ɗakin, yadda iska za ta fita daga ɗaki zuwa ɗaki, da abin da za a yi da gawar birin da ya mutu, duk an bar kaso mafi yawa na wannan ga hankalin kamfani.

Akwai kuma wani zato da ya zauna a kawunan mutane. Ebola ta fara bayyana a 1976 a Zayar (Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta yau) da Sudan. A Yambuku ta Zayar da kewayenta mutum 318 suka kamu, 280 suka mutu. Don haka ake ɗaukar cutar a matsayin ta Afirka. Birin da ya fito daga Asiya ba ya cikin waɗanda ake yi wa wannan tunani.

Mace-mace a ɗakin killacewa

Mutuwar biri ɗaya ko biyu bayan doguwar tafiya ba baƙon abu ba ne a wannan sana'a. Gajiya, ƙishirwa, sauyin abinci da firgita suna kashe su. Amma a ɗakin da aka ajiye biran Oktoba mace-macen suka wuce misali. Biri zai daina cin abinci, ya yi lakwas a kejinsa, bayan 'yan kwanaki a tarar da shi a mace. Likitan dabbobin da ke kula da wurin, Dan Dalgard, ya feɗe wasu, ya ga saifarsu ta kumbura ta yi tauri, ga alamun zubar jini a ciki. Ya yi zargin wata cutar zazzaɓin zubar jini ta birai, wadda ke karkashe makak amma ba a san ta da kama mutum ba. Sai ya aika samfur zuwa cibiyar binciken cututtuka ta rundunar sojan Amurka da ke Fort Detrick, a jihar Maryland.

Zarginsa bai faɗi ƙasa ba. Cibiyar ta gwada birai goma, ta samu wannan cutar ta birai a jikin uku. Amma a jikin wasu biyar ta samu wani abu dabam. Wani matashin mai bincike, Thomas Geisbert, ya duba ƙwayoyin da aka rena a ƙarƙashin madubin lantarki mai ƙara girma, ya ga siffa irin ta zare, wadda dangin Marburg da Ebola kaɗai ke da ita. Wani masanin cibiyar, Peter Jahrling, ya yi gwajin tantancewa, samfurin ya amsa ga Ebola.

A nan ya kamata a tsaya, domin wannan gaɓar ta shafi duk mai aika samfur. Kayan sun isa Fort Detrick ne da sunan cutar da ba ta kama mutum, aka kuma fara aiki da su a kan wannan fahimta, ba a ɗakin da ake tanada don mafi haɗarin ƙwayoyi ba. Har Jahrling da Geisbert suka sansana kwalbar da ake renon ƙwayoyin a ciki, suna zaton wata bakteriya ce ta ɓata ta. Ƙwararru ne, ba ganganci ya kai su ba. Sunan da mai aikawa ya sa wa samfur shi ke yanke yadda za a naɗe shi, yadda za a ɗauke shi, da ɗakin da za a buɗe shi. Shi kuwa mai aikawa abin da yake zato kawai yake iya rubutawa, ai rashin sanin ne ya sa ya aika tun farko.

Wannan matsala ta girmi Reston. A 1976 jinin wata mara lafiya daga Zayar ya isa cibiyar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Antwerp, a Beljiyam, cikin fulas, a jirgin fasinja. Da aka buɗe, aka tarar ɗaya daga cikin kwalabe biyun ta fashe, jinin ya gauraye da narkakkiyar ƙanƙara. A cikin wannan jinin aka gano Ebola.

Tsarin da ake bi yau a duniya amsa ce ga irin waɗannan. Ana raba kayan da ke ɗauke da cuta gida biyu. Rukunin A shi ne wanda in ya zube zai iya kashe lafiyayyen mutum ko dabba, ko ya nakasa su. Lambarsa UN2814 in yana kama mutane, UN2900 in dabbobi kaɗai yake kamawa. Rukunin B, mai lamba UN3373, ya ƙunshi sauran. Dukansu ana yi musu naɗi uku: kwalbar farko da ba ta yoyo, a zagaye ta da abin da zai iya shanye ruwan duka in ta fashe, a sa cikin mazubi na biyu mai murfi gam, sannan akwatin waje mai ƙarfi. Akwatin rukunin A sai ya jure faɗowa daga tsayin mita 9, kuma a jirgin fasinja ba a wuce mililita 50 ko giram 50 a ƙunshi ɗaya. In an sa busasshiyar ƙanƙara ita ma da lambarta, UN1845, kuma dole a bar wa hayaƙinta mafita, in ba haka ba akwatin ya fashe. Ƙa'idar da ta fi dacewa da darasin Reston ita ce: in akwai shakka a kan rukunin da samfur ya faɗa, a sa shi a na A.

Wa ke da iko a kan ginin?

Da sakamakon ya tabbata sai wata tambaya ta taso wadda dokar 1975 ba ta amsa ta dalla-dalla ba. Ginin na kamfani ne, biran kuma dukiyarsa. Lafiyar mutanen gari tana hannun jihar Virginia. Ikon killace abin da ya shigo daga waje yana hannun CDC. Masu kayan aiki da horon shiga wuri irin wannan kuwa sojoji ne, kuma su ne a kusa. Sai da aka zauna aka yi ta ja kafin a raba aiki: soja su ji da dabbobi da ginin, CDC da jami'an jiha su bi sawun mutanen da suka yi mu'amala da biran.

A farkon Disamba tawagar soja ta shiga sanye da kayan kariya, ta kashe biran da suka rage, kusan 450, ta ɗebi samfur, sannan aka turara ginin da hayaƙin fomaldehaid. Abin takaici ne a ce dabbobi masu yawa haka suka tafi, har da waɗanda wataƙila ba su kamu ba. Amma cutar ta riga ta bayyana a ɗaki na biyu, cikin biran da suka zo daga baya, kuma ginin ba a tsara shi yadda za a iya rantsewa cewa ɗaki kaza ya tsira ba. Wasu masana sun yi zargin iska ce ta kai ƙwayar daga ɗaki zuwa ɗaki. Wasu sun nuna cewa biran ɗaki na biyun daga wurin mai sayarwa ɗaya suka fito, don haka suna iya zuwa da cutarsu. Ko wanne ne gaskiya, laifin yana komawa ga abu ɗaya: an tara jigila a kan jigila a gini ɗaya ba tare da shinge na gaske a tsakani ba.

Bin sawun mutane ya fi wuya. Akwatunan sun ratsa filayen jirgi a ƙasashe uku. Masu lodi sun taɓa su, ma'aikatan wuraren ajiye dabbobi a filin jirgi sun kusance su, direba ya ɗauke su. Yawancin waɗannan mutane ba wanda ya taɓa gaya musu cewa akwatin biri ya bambanta da sauran kaya.

Abin da ya fi tayar da hankali

A ganina mafi munin sashen labarin ba ranar da aka ga ƙwayar a madubi ba ce. Abin da ya biyo baya ne. Bayan an kashe birai an wanke gini, a watan Janairu na 1990 aka sake kawo wasu daga kamfanin Filifin da ya sayar da na farko, Ferlite, aka zuba su a Reston. Cutar ta dawo. An kuma same ta a wurin killacewa na Alice, a jihar Teksas, kamar yadda aka same ta a wata jigila da ta je jihar Pennsylvania. An share ƙarshen hanya, an bar mafarinta yadda yake.

A wannan zagaye ne aka tabbatar ƙwayar tana shiga jikin mutum. Ma'aikata huɗu masu kula da biran aka samu alamar kamuwa a jininsu. Ɗaya daga cikinsu ya ji rauni a yatsa da wuƙar tiyata yana feɗe mataccen biri, aka kuma samu ƙwayar kanta a jininsa. Babu wanda ya kwanta ciwo a cikinsu. Daga baya aka fahimci cewa wannan wani nau'i ne dabam na Ebola, aka sa masa sunan Reston, kuma har yau ba a ga ya sa mutum rashin lafiya ba.

Bai kamata wannan kyakkyawan ƙarshe ya rufe mana ido ba. Ƙwayar ta ƙetare duk wani shingen da aka sa mata: ta bar gonar kiwon birai a Filifin, ta hau jirgi, ta shiga gini, ta shiga jinin mutane huɗu waɗanda ke komawa gida wurin iyalansu kowace yamma. Abin da ya hana a yi jana'iza hali ne na ƙwayar kanta. Da nau'in Zayar ne ya bi wannan hanyar, da doka ɗaya da gini ɗaya, da labarin ya sha bamban.

Izini na musamman

Ranar 19 ga Janairu 1990 CDC ta fitar da ƙa'idojin wucin gadi a kan yadda za a riƙa kula da birai a hanya da lokacin killacewa. A watan Afrilu, bayan sakamakon ma'aikatan nan huɗu, ta ƙara ɗaure igiya: duk mai son shigo da makak mai dogon wutsiya, ko makak irin risos, ko koren birin Afirka, sai ya nemi izini na musamman bayan rajistar da yake da ita. Ba a ba da izinin sai mai nema ya gabatar da rubutaccen tsari, tun daga inda za a ɗauko dabbar har ranar da za ta fita daga killacewa.

Bambancin wannan da dokar 1975 shi ne ya sauko daga tambayar wane ne zuwa tambayar ta yaya. Wane irin akwati, kuma zai hana fitsari da kashi zubowa? A wane ɓangaren jirgi za a ajiye shi, nesa da fasinja da sauran dabbobi? Wa zai sauke shi, sanye da me? Wace mota za ta ɗauka, kuma yaya za a wanke ta bayan an gama? A wurin killacewa kowace jigila da ɗakinta, ba a gauraya ta da wata. Ma'aikaci zai sa safar hannu, takunkumi da kariyar ido. Birin da ya mutu ba a jefar da shi a ce gajiyar hanya ce, sai an feɗe shi, an gwada hantarsa don neman dangin Ebola. Jami'an hukumar kuma suka fara zuwa da ƙafarsu suna duba wuraren.

Abin ya zo da tsada. Shigo da birai ya tsaya cik na wani lokaci, kamfanonin jiragen sama da dama suka janye daga ɗaukar su, masu bincike suka yi ta kukan ƙarancin dabbobi. Kukan nasu gaskiya ne, domin akwai gwajin da ba a yarda a kai magani ga mutane ba sai an yi shi. Amma tsarin ya zo da wata riba da ba ita aka fara nema ba: yawan biran da ke mutuwa a hanya da lokacin killacewa ya ragu ƙwarai. Akwati mai kyau, gajeriyar hanya da ido a kan kowace dabba sun amfani birin kamar yadda suka amfani mai kula da shi.

Gwajin da aka yi wa sabon tsarin

A 1992 ƙwayar ta sake ɓulla a wurin killacewa na Siena, a Italiya, cikin biran da suka fito daga wuri ɗaya a Filifin. A 1996 ta koma Alice, a Teksas, kuma a nan ne ake iya auna dokar. Birai 100 suka iso a watan Maris, aka raba su ɗaki biyu, 50 a kowanne. Ɗaya ya mutu, aka gwada hantarsa kamar yadda tsari ya tanada, aka ga ƙwayar. Na biyu ya kamu. Aka kashe na wannan ɗakin, kuma ba a samu ma'aikaci ko ɗaya da alamar kamuwa ba. Ƙwaya ɗaya, mai sayarwa ɗaya, kamfani ɗaya, amma ba a kira soja ba, ba a yi makonni ana lalube ba. A 1997 hukumomin Filifin suka rufe gonar da biran ke fitowa daga cikinta, shekara bakwai da 'yan kai bayan Reston. Jinkirin ya yi yawa, kuma ya nuna iyakar dokar ƙasa mai karɓa: tana iya ƙin kaya, amma ba ta iya shiga gonar wata ƙasa ta gyara ta.

A 2013 CDC ta haɗe izinin musamman da tsohuwar doka a sashe na 71.53 na kundin dokokin lafiya na tarayya, ta shimfiɗa ƙa'idojin a kan dukan nau'in birai. Ana shigo da su ta tashoshin da hukumar ke da ofishin killacewa, ana sanar da ita kwana bakwai kafin isowa, ana yi musu gwajin tarin fuka sau uku, ana sabunta rajista duk shekara biyu. Sashe na 71.54 da ke biye da shi ya shafi ƙwayoyin cuta da kayan da ke iya ɗauke da su. Ban da wannan akwai takardar yarjejeniyar CITES ta duniya kan cinikin namun daji, domin makak mai dogon wutsiya yana cikin dabbobin da ake sa ido a kan cinikinsu, da kuma ƙa'idojin ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya a kan ɗaukar dabbobi masu rai.

Wurare biyu har yanzu suna da rauni. Na farko hanyar mota. A Janairu 2022 wata mota ɗauke da makak 100 da suka iso New York daga Morishus ta yi karo kusa da Danville, a Pennsylvania. Akwatuna suka warwatsu a titi, birai uku suka tsere, aka kamo su aka kashe. Waɗannan dabbobi ba su yi ko kwana ɗaya a killace ba, ga masu wucewa sun tsaya a kansu.

Na biyu shi ne asalin dabbar, wato gaɓar da ta kayar da Reston a zagaye na biyu. Kwana 31 sun isa su fallasa dangin Ebola, tunda ba su wuce kwana 21 kafin su nuna. Tarin fuka kuwa yana iya ɓoyewa fiye da haka, shi ya sa sanin inda aka haifi biri da irin dabbobin da ya zauna da su yake da nauyi. Da ƙasar Sin ta daina fitar da birai a 2020, farashi ya tashi, kasuwa ta karkata ga Kambodiya. A Nuwamba 2022 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta tuhumi mutum takwas, cikinsu har da jami'an gwamnatin Kambodiya biyu, da sayar da biran da aka kamo a daji da takardun da ke cewa a gona aka haife su. Jami'in da aka gurfanar a Miami kotu ta wanke shi a Maris 2024. Amma kafin nan hukumar kula da kifi da namun daji ta Amurka ta riga ta fara neman hujjar asalin kowane biri da ta wuce abin da ke rubuce a takarda, kuma birai fiye da 1,000 da suka riga suka shigo daga Kambodiya suka maƙale a wuraren ajiya, a lokacin ba a kai su ɗakin bincike ba, ba a mayar da su ba.